Maganin Gidanmu da Ɓerayen Habu

Har yau in na je suna ko gaisuwar mutuwa a wajen Sandamu, sai na sami wadda za ta matso kusa da ni, ta rage murya, ta ce ashe dai ƙanina ne ya sayar wa Turawa maganin gidanmu. Wata kuma ta ce ai tsufa ne ya ruɗe Baba, shi ya sa ya watsar da gadon kakanni. Da can nakan tsaya in wanke su tas, in bar su da baki buɗe. Yanzu numfashin faɗa ya ƙare mini, gwiwa ma ta ƙi. Don haka zan rubuta muku shi a nan, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, yadda ya faru a gaban idona, in na kwanta dama ku sami abin amsa musu. Ba wanda ya sayar da komai. Kakanku kuwa, wallahi, ban taɓa ganinsa cikin hankalinsa kamar wannan shekarar ba.

Gidanmu gidan maganin tarin fuka ne tun daga kakan Baba. Ku da kuka taso a zamanin allura da ƙwaya ba ku san yadda ake tsoron wannan ciwo ba. Mutum zai fara da ɗan tari, ya koma zufa da rama, ya bushe yana tafiya, ranar da ya tofar da jini a ware masa ƙwarya da moɗa, 'ya'yansa ma su rasa mai aurensu. Irin waɗannan ake kawo wa Baba, Malam Sa'idu, daga Zango, daga Baure, har daga tsallaken iyaka. Maganin saiwar wata bishiya ce, kuma sunan bishiyar mutum ɗaya ke saninsa a duniya. Baba shi kaɗai ke shiga daji ya haƙo. An gada cewa sai mai riƙe da sirrin ya ji alamun tafiya sannan zai raɗa wa magajinsa, in kuwa kunne biyu suka riƙe shi da rai, magani ya karye. An kuma gada cewa ba a sayar da shi, kuma ba a hana kowa. Duk wanda ya zo, a sauke shi a bukkokin da ke bayan gida ƙarƙashin gawo, inda iska ke kaɗawa, a riƙa kai masa jiƙo safe da yamma, da fura da dafaffen nono, da romo in an samu. Ni ce mai daka saiwar tun da babanku ya rasu na dawo gida da ku. Kuma ba a magana in ana dakan. Ku da kuka san bakina, ku auna irin azabar da na sha.

Muna gani da idonmu mutum ya zo a kwance, ya zauna da mu, tarin ya lafa, kumatu su fito, ya tafi yana sa mana albarka. Wasu sukan rasu a bukka, mu ce kwana ya ƙare. Babu wanda ya taɓa dawowa ya ce maganin Malam Sa'idu bai yi ba, ko mutum ɗaya.

Mu uku ne wurin Baba. Yaya Mamman ne babba, shi ke riƙe wa Baba jaka tun bai fi tsayin turmi ba, shi ke tarbar baƙi, shi ke wanke gawa in an rasa mai taɓa ta. Kowa ya san shi ne magaji, furfura ta fara fito masa yana jiran ranar. Sai ni a tsakiya. Sai autanmu Habu, kawunku, wanda boko ya ja, ya karanta harhaɗa magunguna, ya sami aiki a wani gari mai nisa a wurin da ake neman sabon maganin tarin fuka. Mu dai abin da ya iso kunnenmu shi ne yana kiwon ɓeraye. Duk zuwan da zai yi sai na tsokane shi.

"Auta, ya iyalin naka? Ko in tara maka na rumbunmu ka tafi da su? Su ma suna son aikin gwamnati."

Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, naku ba su da tarbiyya. Namu farare ne, kuma ana musu shimfiɗa."

A wata Babbar Sallah, bayan an gama suya mun baje a tsakar gida da la'asar, Baba ya ce masa ya bar wasa, ya gaya masa ainihin abin da yake yi da waɗannan halittu. Habu ya gyara zama. Ya ce ciwon ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wata 'yar halitta da ido ba ya gani, mai taurin kai, mai jinkirin girma. Akwai maganin asibiti da ke kashe ta, amma sai an yi watanni ana sha, kuma wasu daga cikin ƙwayoyin sun fara gagarar sa. Shi ya sa suke neman sabo ko'ina, har a cikin sassaƙe da saiwoyi. Duk abin da aka kawo musu sukan fara zuba shi a kan ƙwayar cutar a cikin faranti. In ya kashe ta, sai a shiga da shi wurin ɓeraye, a wani ɗaki da ba a shiga sai an rufe jiki ruf. Ana shaƙa wa ɓerayen ciwon da gangan, a ba su maganin, in lokaci ya yi a duba huhunsu. Ya ce ba za a kai wa ɗan Adam abu ba sai ya wuce ta kansu.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Ni na san wannan shafa gemun, murna ce yake dannewa.

"To kai Habu, ga magani a gidan ubanka, kana can kana yawon nema a dajin wasu?"

Habu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, na daɗe ina tunaninsa, tsoro ne ya hana ni magana. Yawancin abin da muke gwadawa faɗuwa yake yi. In na tafi da shi, abin da na gani shi zan kawo maka, ko da daɗi ko ba daɗi. Kuma ba za su taɓa shi ba sai an san wace bishiya ce."

Kafin Baba ya buɗe baki Yaya Mamman ya miƙe tsaye, har ya ture kwanon nama.

"Baba, kana ji fa! Sunan bishiyar yake nema! Abin da kakanni suka riƙe da haƙora, shi za a kai wa ɓera? In ya karye fa, ina waɗannan bayin Allah za su?"

Baba ya ce, "Zauna, Mamman. In Allah ne ya sa waraka a cikin saiwar nan, kunne biyu ba za su fitar da ita ba. Mutum nawa bukkokinmu ke ci? In gaskiya ne akwai masu tarin nan a duk duniya, ni wa ya ba ni ikon ɓoye musu?"

Kada ku ɗauka shakka ce ta sa shi. Ko kaɗan. Ya yarda da maganin nan kamar yadda ya yarda da hannunsa na dama, so yake duniya ta sha. Washegari da hantsi ya ɗauki fartanya, ya kira Habu, suka nufi daji su biyu. Yaya Mamman yana tsaye a bakin zaure yana kallon bayansu. Na kai masa koko ya ce ya ƙoshi. Ba zan ɓoye muku ba, ya ba ni tausayi ranar, don duk wanda ya yi rabin rayuwarsa yana jiran abu a ƙofa, ya ga ƙaninsa ya zo ya wuce ciki, dole zuciyarsa ta yi zafi.

Habu ya tafi da ƙullin saiwa, muka shiga jira. Baba ba mai son waya ba ne, amma a watannin nan in ta yi ƙara a ɗakina sai in ga inuwarsa a bakin labule. Ana nan wata rana Habu ya kira ya ce sun tace saiwar, sun zuba a faranti, kuma ta kashe ƙwayar cutar. Ban jira ya ƙarasa ba na rangaɗa guɗa, kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Har Yaya Mamman sai da ya yi murmushi. Habu kuwa yana can yana ta kiran sunana.

"Yaya, Yaya, ki saurare ni don Allah. Ko sabulunki na wanki na zuba a farantin nan zai kashe ta. Faranti ba shi da ciki, ba shi da hanta, ba shi da jini. Magana tana wurin ɓeraye. Sai mun ga ko in an sha, zai kai huhu da ƙarfinsa."

Na ce, "Kai dai Allah ya yi ka da baƙin ciki. Bar mu mu yi murnarmu."

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, bukkoki ba kowa don kowa ya koma gona da ciwonsa. Wata Laraba sai ga ɗan acaɓa ya sauke Habu a ƙofar gida, ba waya, ba tsaraba. Ina ganin yadda ya cire takalmi a hankali gabana ya faɗi. Mai labari mai daɗi ba ya jera takalmi. Baba ya ce a shimfiɗa tabarma a zaure, a kira Mamman, ni ma in zo, tunda ni ke daka.

Habu bai yi kwana-kwana ba, kuma har in mutu ina girmama shi saboda wannan. Ya ce sun kasa ɓerayen kashi uku, dukansu ɗauke da ciwon. Kashi ɗaya aka ba su maganin asibiti. Kashi ɗaya aka ba su na gidanmu, wasu kaɗan, wasu da yawa. Kashi na uku ba a ba su komai ba sai abinci da ruwa. Ya ce tunda maganin na ubansa ne, ya roƙi a cire hannunsa daga ƙirga. Wata abokiyar aikinsa ce ta sa wa kejin alama ta ɓoye, shi da masu duba huhun ba su san wane ɓera ya sha me ba sai da aka gama komai.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai. Ba a ba alƙali shari'ar ɗansa. Ci gaba."

"Waɗanda suka sha na asibiti, huhunsu ya kusa wankewa. Waɗanda suka sha namu, Baba..." Ya dubi Baba ido da ido. "Sun ci abinci sosai, sun fi sauran ƙiba ma. Amma ƙwayar cutar tana nan cike da huhunsu, daidai da na waɗanda ba a ba komai ba."

Ni hawaye ne kawai ke zubo mini, ban ma san na fara ba. Na tuna duk safiyar da na tsaya a kan turmin nan na kame bakina. Yaya Mamman ya tafa hannu.

"Ai ga irinta nan! Na faɗa! Magani ya karye tun ranar da aka kai Habu daji aka nuna masa bishiyar. Kuma ku gaya mini, ɓera yana tari? Kai Habu, ka taɓa jin ɓera ya yi tari? Ta yaya za a gwada maganin tari a kan abin da ba ya tari?"

Na zaci Habu zai harzuƙa, don ni da ni ce da an ji mu a kasuwa. Amma ya juya ya fuskanci wansa cikin ladabi.

"Yaya, gaskiyarka, ba ya yi. Ɓera ba mutum ba ne, ciwon ma ba ya cin huhunsa kamar yadda yake cin namu. Mu ma wannan yana damunmu. Shi ya sa na roƙa aka sake da ɓeran Masar, wannan mai kama da ƙaramin zomo, wanda ciwon ke kama shi kusa da yadda yake kama mutum. Abu ɗaya muka gani. Ba zan ce na san komai ba. Mai yiwuwa saiwar tana kwantar da tari, tana buɗe ciki, wannan ma alheri ne. Amma in ɗana ne ke tofar da jini, ba zan tsaya a kanta ba."

Baba bai kula da maganar karyewa ba. Wani abu dabam ne ya riƙe shi. Ya ɗaga yatsa uku, ya lanƙwashe biyu, ya bar ɗaya.

"Waɗannan na ukun, da ba a ba su komai ba. Duk sun mutu?"

"A'a, Baba. Da yawa suna nan suna yawo a keji har ranar da aka duba su. Ciwon nan yakan yi wa mai shi sauƙi ya dawo. A mutane ma haka ne, in an sami hutu da abinci mai kyau, jiki yakan ɗan farfaɗo. Wani tarin kuma dama ba na fuka ba ne, da kansa zai tafi."

Baba ya sauke yatsan. Sannan ya yi magana a hankali, kamar da kansa yake.

"Ikon Allah. Ni ban taɓa hana kowa ba. Ubana bai hana ba, kakana bai hana ba. To ta ina za mu san yadda wanda bai sha ba yake ƙarewa? Duk wanda ya tashi mu ce saiwa ce, wanda ya kwanta mu ce kwana ne. Ashe ba mu taɓa barin ƙofar da gaskiya za ta shigo ba."

Daga nan ya tambayi Habu yadda halittun suka ƙare, don shi mutum ne da ko jaki ba ya bari a daka a gabansa. Habu ya ce ana sa su barci kafin a ɗauki ransu, kuma akwai masu sa ido da ba sa barin a ɗauki ko ɗaya fiye da buƙata, duk wanda ciwo ya galabaitar kuma ba a barinsa ya wahala. Ya ce duk da haka bai taɓa sabawa ba. Baba ya ce kada Allah ya sa ya saba. Ya ce waɗannan dai saboda shi suka mutu, haƙƙinsu yana wuyansa, kuma in ya ji abin da suka nuna ya toshe kunne, to a banza aka kashe su. Ya miƙa hannu ya dafa kan Habu, mutum da 'ya'yansa, ya sa masa albarka. Habu ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka kamar yaro.

Abin da ya biyo baya shi ne mai tsada. Bayan Habu ya koma, Yaya Mamman ya sami Baba ya ce tunda shi Baba ya gaji da aikin, ya ba shi sunan bishiyar ya ci gaba, mutane ba su ce sun gaji ba. Baba ya tambaye shi, in mai tofar da jini ya zo, zai tura shi asibiti ko zai ba shi jiƙo ya ce ya kwanta a bukka? Yaya Mamman ba maƙaryaci ba ne, ya ce zai yi yadda aka gada. Baba ya ce to ba zai faɗa masa ba. Ya ce bukkoki suna nan, fura da nono suna nan, duk mai shan maganin asibiti da ke neman wurin jinya ya zo a ciyar da shi, wannan gadon Mamman ya riƙe. Yaya ya ce shi ba a haife shi don ya zama mai dama wa asibiti fura ba. Ana gama girbi ya kwashe iyalinsa ya koma Zango yana dillancin dabbobi. Yakan zo gaisuwa da Sallah, ya durƙusa, ya tashi, ba ya kwana. Kada ku zage shi. Ya wanke gawarwakin da 'yan'uwansu suka gudu suka bari, kuma abin da ya yi imani da shi ya tsaya a kai. Amma gida ya rabu, Baba kuma ya san shi ya raba shi. Sau da yawa nakan same shi zaune yana kallon ƙofar sashen Yaya da aka sa wa kwaɗo.

Duk wannan a cikin gida ne, gari bai sani ba tukuna. Ranar da gari ya sani, wata safiya ce da kaka, wani Bafulatani mai suna Jaɓɓo ya iso daga wajen Baure da matarsa a bayan babur, an ɗaure ta a jikinsa da rawani don kada ta faɗi. Yarinya ce mai goyo, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Na shigar da ita, ta yi tari a gefen zanenta, na ga jan. Jaɓɓo ya durƙusa a gaban Baba a ƙofar zaure, mutanen unguwa na zaune a kan dakali.

"Allah gafarta Malam, ga amana na kawo. Baffana a nan ya warke. Ba ni da kowa sai Allah sai kai."

Ina tsaye a bayan ƙyaure, ina ganin Baba yana jan carbi. Akwai sauran saiwa a ɗakinsa, na sani, ya sani. Da ya ce in ɗauko turmi, ba mai cewa uffan, Jaɓɓo zai yi godiya, gari zai ci gaba da girmama shi har kabari. Ni kaina a raina cewa nake, Baba ba ta mana, ko don idon mutane. Ya ɗaga kai ya yi magana da ƙarfi yadda na kan dakali za su ji.

"Jaɓɓo, ba ni da maganin wannan ciwo. Da ina zaton ina da shi. An gwada, ba ya kashe shi."

Na ji wani a kan dakali ya ce, "Inna lillahi." Jaɓɓo ya kama ƙafar Baba, yana cewa ko wani laifi ya yi, ko an ce ba zai iya ba da abin sadaka ba ne, ya ce zai kawo karsana. Ya ce shi ba ya zuwa asibiti, can ake kai mutum ya mutu, ba su jin maganarsa, ba ya jin tasu. In Malam ya hana shi, zai mai da ita ruga ya jira hukuncin Allah. Ya tashi ya fara kwance rawaninsa zai sake ɗaure ta. Baba ya miƙe, ya ce in ɗauko masa babbar riga da sandarsa.

"Ba hana ka na yi in sallame ka ba. Tashi mu je. Ni zan kai ku da ƙafata."

Ku fahimci abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa taka asibiti ba tun da aka haife shi. A ƙasar Daura in an ce tarin fuka, sunansa ke biyo baya. Shi ne ya shiga motar haya a bakin titin Sandamu, ni da matar a baya tana jingine da kafaɗata, Jaɓɓo na bin mu a babur. Direba ya gane shi, ya tambaya ko lafiya. Baba ya ce mai tari zai kai asibiti. Direban ya yi dariya, ya zaci wasa ne, da ya ga ba wasa ba ne ya mai da ido kan titi har Daura.

An nuna mana wata rumfa a gefe, inda masu wannan ciwo ke jira a kan benci a sarari. Wata ma'aikaciya ta ba matar ɗan gwangwani ta ce ta tofa kaki a kai gwaji, ta ce in shi ne, maganin kyauta ne, amma sai an jure shansa har ƙarshe. Ina cikin lallashin Jaɓɓo sai na lura rumfar ta yi shiru. Na duba benci. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani ya juya baya yana kallon katanga. Na san tsohuwar, na san mai kallon katangar, da hannuna na dama musu fura a bukkokinmu, da kunnena na ji suna sa albarka ranar da za su tafi. A ƙarshen bencin kuma ga Audu maƙeri na Zango, wanda ya yi rani guda a wurinmu, wanda muke ba da labarinsa in ana maganar waɗanda suka warke. Ya rame fiye da ranar da aka fara kawo mana shi. Ya ga ba wurin ɓuya, ya zame daga benci ya tsuguna.

Baba ya tako har gabansa yana dogara sanda.

"Audu, kai ne?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Ya dawo?"

"Ya dawo, Malam. Ban kai ga shuka ba ya dawo. Har ƙaramar 'yata ta ɗauka."

"To me ya hana ka zuwa ka gaya mini?"

Audu ya kasa ɗaga ido. Yana wasa da ƙasa da ɗan yatsa.

"Haba Malam. Ka sauke ni, ka ciyar da ni rani guda, ko allura ba ka karɓa ba. Da wane baki zan dawo in ce bai yi ba? Ai da kunya."

Tsohuwar nan ta ce daga cikin mayafi, "Wallahi kara ce, Malam. Duk kara muka yi maka."

Na kalli fuskar Baba, na ji kamar in kama shi kada ya faɗi. Tun kakansa mutane ke fita daga gidanmu da ciwonsu, suna godiya, suna zuwa su mutu a wani wuri a ɓoye don kada su kunyata mu. Sai da aka sami halittar da ba ta ci furarmu ba, ba ta jin nauyinmu, sannan muka ji gaskiya. Baba ya dogara sandarsa ya sunkuyo. Sannan ya tambayi Audu yarinyar tana da rai? Audu ya ce tana da rai, ita ma tana shan magani, ta fara wasa. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita, ya share ido da hannun riga, bai ɓoye ba.

Ma'aikaciyar ta gane ko shi wane ne, ta rugo da kujera daga ofis tana cewa Baba ya shigo ciki ya zauna, nan wurin marasa lafiya ne. Ya yi mata godiya ya ce ta mayar. Ya kama hannun Audu ya tashe shi daga ƙasa, ya zaunar da shi a kan benci, ya tattara babbar rigarsa.

"Matsa mini, Audu. Ku duka ku buɗe fuskokinku. Yau ba kara. Kowa ya gaya mini yadda ya ƙare da shi bayan ya bar gidana, ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda kuka san sun rasu. Ina so in ji sunayensu."

Suka fara faɗa, da ƙyar da farko, daga baya har suna katse juna. Yana zaune a tsakiyarsu, sanda tsakanin gwiwoyi, duk sunan mamacin da aka ambata sai ya maimaita shi ya ce Allah ya jiƙansa. Azahar ta yi, aka kira salla, ba su gama ba.